Kwana Takwas A Bakin Kogin Haɗejiya: Abin Da Mutumin Tudu Ya Gano

Jama'a masu karatun wannan fili, wannan mako ba zancen iri ko na taki za mu yi ba kamar yadda muka saba. Labarin wata 'yar tafiya zan ba ku, wadda na yi cikin watan Janairu daga Gagarawa Tasha zuwa bakin kogin Haɗejiya, ni da ɗan ƙanena. Muka kama hayar ɗaki a wani ƙauye, muka kwana takwas, kullum muna zaga fadamu da karkarar da ke kewaye. Dalilin tafiyar kuwa gona ce, saboda haka ina gani ba mu fita daga filinmu ba.

Ga yadda abin ya faru. Ƙanena ya rasu ya bar wa ɗansa gonar jigawa eka biyar, ba nisa da hanyar jirgi. Yaron ba rago ba ne, kowa ya shaide shi da noma. Bayan an gama kaka, ran nan da dare sai ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Baffa, shawara na kawo. So na ke in sayar da gonar nan."

Na ce, "Wani bashi ya hau ka?"

Ya ce, "A'a, Baffa. Lissafi na yi. Mu nan wata huɗu mu ke aiki, wata takwas muna zaune. Mutanen bakin kogi kuwa sau biyu, wani ma sau uku ya ke girbi a shekara. In na sayar, sai in sayi injin ban-ruwa, in kama hayar fadama, in huta da jiran sama."

Ban yi masa faɗa ba, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Ku shiga kowace majalisar samari daga Gumel har Sule Tankarkar, za ku ji irinsa. Abin da na ce masa shi ne, gani ya kori ji. Mu je mu zauna cikinsu mako guda, mu ci abin da su ke ci, mu ga aikinsu da idonmu. In mun komo yana nan kan bakansa, ni da kaina zan nemo masa mai saye.

ƘASARMU TA TUDU

Don waɗanda ba su san wajenmu ba, bari in ɗan yi bayani. Ƙasar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ne, watau Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Duk faɗinta babu kogin da ke riƙe ruwa rani da damina. Ƙasa ce ta rairayi, irin wadda a ke kira jigawa, wadda daga gare ta ne jihar ta sami suna sa'ad da aka cire ta daga Kano a 1991. Ruwan sama ya kan zauna cikin Yuni ko farkon Yuli, kafin Satumba ta ƙare ya ɗauke. Cikin wannan ɗan tsakani mu ke noma gero, da dawa, da wake, da gyaɗa, da riɗi, da zoɓo.

Gagarawa Tasha kuwa jirgin ƙasa ya haife ta. An gama shimfiɗa hanyar jirgi daga Kano zuwa Nguru, mil 143, a 1930, musamman don kwasar gyaɗa da fatu. Dattawanmu su kan ba da labarin yadda a ke kawo gyaɗa bisa raƙuma da jakuna, a auna a sikeli, a tara buhuna a bakin tasha har jirgi ya zo. Farin 1973 ya karya manoma, sa'an nan a 1975 cutar nan da ɗarɓa ke yaɗawa, mai sa gyaɗa ta ƙanƙance ta ƙi 'ya'ya, ta gama da sauran. Daga baya ne riɗi da zoɓo suka maye gurbin gyaɗa wajen kawo kuɗi. Riɗinmu har Japan da Sin da Turkiyya ya ke zuwa, zoɓo kuwa yawancinsa Meziko a ke kai shi. Duk da haka maganar yaron tana da ƙamshin gaskiya: da an ɗaure amfani an kai rumbu, sai zaman jiran wata damina, ko kuwa a tafi cin rani.

YADDA MUKA SAMI MASAUKI

Ran Lahadi muka hau mota zuwa Gujungu, don ranar ce kasuwarta ke ci. Can na nemi wani mai sayar da bandar kifi da muka daɗe muna ciniki, na faɗa masa bukatarmu. Ya ce a ƙauyensu akwai wani dattijo mai shago a ƙofar gida, wanda ya kan ba 'yan cin rani haya lokacin dashen shinkafa, yanzu kuwa ba kowa ciki. Da kasuwa ta fara watsewa muka bi shi, muka yi kudu, har muka isa gab da magariba.

Da safe aka kai mu muka yi gaisuwa wurin dagaci. Wannan wajibi ne ga duk wanda zai sauka garin da ba a san shi ba, kada ya raina. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu manoma ne daga ƙasar Gumel, mun zo ganin aikin fadama." Ya yi mana barka da zuwa, ya ce wa mai unguwa ya sanar da masu gonaki, don kada a ga baƙi suna leƙe-leƙe a yi musu wani zato.

Shagon na ƙasa ne, rufin kwano, ƙofarsa tana duban kogi. Tabarma biyu a ciki, da randa, da buta, da fitila. Gidan sauro mu muka zo da namu. In ka zauna bakin ƙofa kana hangen ruwa ta tsakanin itatuwan giginya, ba zai fi taku ɗari uku ba.

Wajen kuɗin haya sai da muka ɗan ja. Maigidan ya ce, "Haba Malam, ina aka taɓa karɓar wa baƙo kuɗin kwana?" Na ce, "Alhaji, baƙunta kwana uku ce. Mu kuwa takwas za mu yi, kuma mu muka kawo kanmu." Daga ƙarshe muka shirya zan biya abin da 'yan cin rani ke biya, in kuma riƙa aika wa uwargida kuɗin cefane. Sa'an nan na sa yaron ya shigar da tsarabar da muka zo da ita, gero tiya biyar da riɗi kaɗan. Abin da ya ba ni mamaki, murnar da aka yi da geron nan ta fi wadda aka yi da kuɗin nesa ba kusa ba. Sai daga baya na gane dalili.

Wannan sana'a ta ba baƙi hayar ɗaki a ƙauye, a wasu ƙasashe babbar hanyar samu ce ga manomi. A Faransa tun 1955 aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan gidaje, mutumin birni ya kwashi iyalinsa ya je ya yi mako guda a gidan gona, ya biya, ya kuma sayi madara da ƙwai a hannun mai gidan. Mu nan abin da muka sani mai kama da haka shi ne barikin da a kan gina wa masu rangadi a zamanin En'e. Amma ɗaki mai tsabta da ruwa a randa ba su fi ƙarfin kowane magidanci ba.

SAFIYA A FADAMA

Tun kafin rana ta fito ƙarar injuna ta tashe mu. Sanyi kuwa ba a magana, don na bakin ruwa ya fi namu na tudu shiga ƙashi. Muka bi maigidan zuwa gonarsa. Jama'a, wanda ya baro jigawa cikin Janairu, ya bar ƙasa fara fat ba ko tsinke, ya zo ya ga wannan, dole zuciyarsa ta motsa. Ga alkama kore shar har iyakar gani, ga albasa fangali fangali, ga tumatir da attarugu da tattasai, ga masara, ga irin shinkafa an yafa yana jiran dashe. Na dubi yaron na ga bakinsa a buɗe.

A da, da jigo a ke wannan aiki: doguwar sanda bisa gwafa, guga a gaba, curin laka a baya, mutum ya wuni yana ɗebowa yana zubawa, da ƙyar ya shayar da 'yar gona kaɗan. Tun daga shekarun 1980 hukumomin aikin gona suka fara yaɗa ƙananan injuna masu shan fetur, da 'yan rijiyoyin bututu, sa'an nan shirin Fadama da aka fara a 1993 da taimakon Bankin Duniya ya ƙara yawaita su. Dalilin da ya sa abin ya yiwu shi ne, a fadama ruwa yana kusa. Kogi in ya yi ambaliya da damina ya kan shayar da yashin da ke ƙarƙashin laka, ruwan ya kwanta nan. Sai a kafa bututu 'yan gaba kaɗan, a ɗaura inji, ruwa ya fito. A wajenmu kuwa kowa ya san zurfin rijiya, ƙaramin inji ba ya iya jawo ruwanta. Saboda haka wanda ya sayi inji a Gagarawa dole ya bi ruwa inda ya ke.

Yaron ya ce wa maigidan, "Baba, ai ku kun gama samun duniya."

Dattijon ya yi murmushi, ya ce ya zauna bisa kunya su yi lissafi. Ya ɗauki tsinke yana zanawa a ƙasa. Kuɗin hayar gona, wanda a ke biya tun ba a sa fartanya ba. Kuɗin kaftu da na yin fangali. Kuɗin iri. Takin zamani, sau biyu ko uku, don alkama da shinkafa ba su yi sai da shi. Fetur, don kowane mako sai an yi ban-ruwa, in zafi ya shigo ma mako bai isa ba. Gyaran inji. Maganin feshi. 'Yan ƙwadago wajen dashe da cira da yanka. Ya ce tun da aka janye tallafin mai a 2023, fetur ya zama shi ne babban mai cin riba, har wasu sun koma injin da ke aiki da hasken rana, amma kuɗin sayensa ba na yaro ba ne.

Sa'an nan ya zo kan lokaci. Alkama sanyi ta ke so. In ba ka shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin Maris zai riske ta tana cikin zuba ido, ta yi ƙanƙamo. Tumatir kuwa kowa lokaci guda ya ke ɗiba, kwando ya yi arha har wani ya rasa kuɗin motar da zai kai kasuwa, sai a yanka a shanya a ƙasa. Ya tuna mana da tsutsar tumatir ta 2016, wadda ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna. Ya ce, "Ɗana, gero in ka shuka, ko ba ka da ko kwabo, ƙarfinka da taki na gida sun isa ka sami abinci. Nan kuwa kuɗi a ke shukawa. Ran da ka rasa na fetur sau biyu a jere, duk abin da ka zuba ya tafi."

CIKIN KWALEKWALE

Rana ta uku wani masunci ya ɗauke mu cikin kwalekwalensa. Muka ga masu su bisa gora, mutum ya kwanta a kan ƙatuwar gora yana tuƙi da hannu da ƙafa, da koma a hannunsa. Muka ga an kafa gura a bakin ciyawa. Abin da suka kama ran nan tarwaɗa ne da karfasa da ƙurungu, yawanci ƙanana. Masuncin ya ce a zamanin ubansa irin waɗannan mayarwa a ke yi cikin ruwa.

Da muka yi gaba kaɗan sai hanya ta toshe. Wata doguwar ciyawa ce ta fi tsawon mutum, ta cika wurin maƙil, ba ka ganin ruwa sam. Ita ce kacalla, wadda duk mutumin bakin kogin nan in ka ambace ta sai ya girgiza kai. Asalin yawanta kuwa yana da dalili, don ruwa ba ya tsami banza.

Kogin Haɗejiya haɗuwar kogin Kano da na Calawa ne. Ya bi ta Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya wuce Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, daga nan ya gamu da ruwan Jama'are su zama kogin Yobe, wanda ke faɗawa tafkin Cadi. A da ya kan cika da damina ya malale fadamu, da rani kuwa ya ƙafe har yara su yi wasa cikin yashinsa. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Calawa. Tun daga nan a kan tare ruwan damina, a riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har rani. Wannan ya kawo alheri mai yawa, don da shi Kano ke sha, da shi a ke noman rani a Kadawa da Kura da Auyo. Amma kacalla ba abin da ta ke so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da, rani ke kashe ta. Da rani ya daina busar da kogi sai ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kogi ya cushe. In babban ruwa ya zo ya rasa hanya, sai ya fasa gefe ya shiga gonaki da gidaje.

Ba nan ɓarnarta ta tsaya ba. Cikinta tsuntsun nan jan-baki ke kwana yana hayayyafa. Da la'asar muka ga garkensu ya taso kamar hayaƙi. Mai shinkafa ko alkama in amfani ya fara nuna, sai ya kwashi 'ya'yansa su wuni a gona suna kaɗa gwangwani da igiya, in ba haka ba kafin ya farga an bar masa kara. Mutanen ƙauyuka su kan yi gayya su shiga da lauje da adda su yanke ta a ƙarƙashin ruwa, don in an yanke ta ƙasa da ruwa ta kan ruɓe, hukuma kuma ta kan kawo injunan yanka. Amma aiki ne na kowace shekara.

YAWO CIKIN KARKARA

Rana ta huɗu da ta biyar da ƙafa muka yi su. Da hantsi mu fita da gorar ruwa, mu bi gefen kogi, mu ratsa ƙauyuka, sai la'asar mu komo. Nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba ko da ya ke na sha wucewa a mota: tudu da fadama a saƙe su ke kamar zaren tabarma. Ka yi tafiyar rabin sa'a cikin baƙar laka mai tsagewa, sai ka hau wani tsibirin rairayi mai goruba da kuka da karan gero, kai ka ce Gagarawa ka ke. Garuruwan duk bisa irin waɗannan tuddai aka kafa su.

Muka ga inda ruwa ya janye an bi danshi an shuka wake da kankana, ba ban-ruwa ba komai, laimar ƙasa kaɗai ke riƙe su har su nuna. Muka ga mata suna saƙar tabarma da kabar goruba. Muka ga tsuntsayen ruwa iri iri, kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela, da waɗansu ƙanana waɗanda ke zuwa daga Turai cikin sanyi su koma in zafi ya yi.

Muka yada zango a wata ruga, aka ba mu nono mai sanyi. Ardon ya nuna mana burtalin da shanunsu ke bi zuwa mashaya, ya ƙuntata har saniya biyu ba su jerawa, gonakin albasa dama da hagu. Na ce wa yaron ya duba da kyau. Baƙon da ya zo neman hayar fadama, sau da yawa irin wannan wuri na bakin burtali a kan ba shi, don 'yan gari sun san abin da ke ciki. Ran da shanu suka shiga, shi ne ba dangi ba shaida.

Wani abu kuma da ya kamata mai zuwa ya sani. Ran farko yaron ya so ya faɗa wani kududdufi ya yi wanka, maigidan ya hana shi. Ruwan da ke kwance cikin ciyawa yana da ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, watau fitsarin jini. Ƙwayar ta fata ta ke shiga, ba sai an sha ba. Tana da magani a asibiti, amma rigakafi ya fi. Sauro kuwa ko cikin sanyi bai bar bakin kogi ba.

HIRAR DARE

Daren kwana na shida muna zaune ƙofar shago, an hura wuta, an kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Maigidan ya ɗaga fitila ya haska bangon shagon, ya nuna mana wani layi da ya kai ƙugun mutum, daga nan zuwa ƙasa yaɓen sabo ne. Ya ce nan ruwa ya tsaya a 2022. Kowa ya san ambaliyar wannan shekara, yadda ta yi ɓarna a Ringim da Miga da Auyo da Haɗejiya da sauran garuruwan bakin kogi, bayan ta 2018 da ta 2020. Ya ce shinkafarsu ta damina tana gab da nuna ruwa ya shafe ta, ko dami ɗaya bai ɗauka ba. Suka kwashe iyali suka koma makarantar gari bisa tudu.

Na ce, "To, Alhaji, me kuka ci?"

Ya ce, "Geronku, Malam. 'Yata tana aure a wani ƙauye arewa da hanyar jirgi. Surukina ya aiko mini da dami goma sha biyu a amalanke. Shi muka ci har alkama ta zo." Ya juya wajen yaron ya ce, "Na ji abin da ya kawo ku. Ni shekara uku ke nan ina cigiyar gonar tudu in saya, ban samu ba. Kai kuwa kana da eka biyar ta gado kana neman rabuwa da ita. In ka matsa sai ka sayar, ni ka sayar wa. Amma in kai ɗana ne, ba zan bar ka ba."

Yaron ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Ni ma ban ƙara kome ba, don maganar ta fi kyau daga bakin mai fadama.

Abin da dattijon nan ya faɗa shi ne gaskiyar da na ke so masu karatu su riƙe. Tudu da fadama ba shekara guda su ke faɗuwa ba. Galibi shekarar da ruwa ya yi yawa har kogi ya cinye shinkafa, ita ce shekarar da gero ke cika rumbu a jigawa. Shekarar da sama ta yi rowa gero ya ƙone, mai fadama ya kan tada injinsa ya sami abin kai wa baka. Wanda ke da ƙafa ɗaya nan ɗaya can, da wuya ya kwana da yunwa. Wanda ya sayar da ɗaya don ya kama hayar ɗaya kuwa, ya bar abin da ya mallaka ya koma kan abin aro.

ABIN DA MUKA KOMO DA SHI

Ran da za mu taso, yaron da kansa ya je ya sami maigidan suka shirya. In Allah ya kai mu kaka, zai sayar da riɗinsa, ba gona ba, ya zo cikin Nuwamba. Za a yanka masa rubu'in eka cikin gonar dattijon ya sa albasa, ya yi aiki da injin gidan, shi ya sayi fetur da taki, in an cire a raba yadda suka yi alkawari gaban mai unguwa. Zai zauna shagon nan da muka sauka. Kafin ruwan shuka ya sauka ya komo gida ya gyara gonarsa. In ya ci riba shekara biyu ko uku, sa'an nan ya yi zancen sayen inji da kuɗin albasa. Shi kuma dattijon za a ba ɗansa aron eka ɗaya a wajenmu ya shuka gero.

To, ga 'yar shawarata ga jama'a.

Manoman tudu, kada ku raina jigawa. Ku bar gawo ya tsaya cikin gona, don shi da damina ya ke zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, gero kuwa ya fi kyau a gindinsa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin tohon itatuwa wajen sassabe, suna rage rassa su bar ɗaya ko biyu su girma, har aka ƙiyasta sun rayar da itace wajen miliyan 200. Daga Maigatari in ka tsallaka iyaka za ka gani da idonka. Ku adana harawa da karan dawa, ku ɗaure rago ko ɗan maraƙi, ku kai Maigatari ran Alhamis in ya yi ƙiba. Wannan ma noman rani ne, ba ya kuwa shan fetur.

Wanda ke son fadama, ya fara zuwa ya zauna ya gani. Ya tambayi inda ruwa ya tsaya a shekarar ambaliya, da inda burtali ya bi, da wanda ya noma wurin bara da dalilin da ya sa ya bari. Kome aka shirya a yi shi gaban shaidu, in da hali a rubuta.

'Yan kasuwa, ku da ke jiran kaya a Gujungu, da kun riƙa shiga ƙauyukan nan kuna kwana biyu, da kun san wanda ke busar da tumatir bisa tabarma da wanda ke shanyawa cikin rairayi, kun kuma san lokacin da albasa za ta fito tun ba ta iso kasuwa ba.

Akawuna da sauran ma'aikata kuwa, in an ba ku hutu ba dole sai Kano ko Kaduna ba. Kuɗin da za ku kashe a kwana biyu a birni ya ishe ku mako guda a bakin kogi, ku ci kifi ɗanye, 'ya'yanku su ga inda shinkafar da su ke ci ta ke fitowa. Lokacin da ya fi kyau daga Disamba ne zuwa Fabrairu. Ku riƙe bargo da gidan sauro, ku fara da gaida dagaci, kada ku shiga gonar mutum sai da izninsa, ku kuma biya mai ɗaki hakkinsa ko ya ce ya yafe. In za ku kai tsaraba, ku kai gero.

Mun iso Gagarawa Tasha ran Litinin da azahar, da ƙullin bandar kifi da kwandon albasa da uwargida ta ba mu. Washegari da sassafe na leƙa, na hangi yaron ya ɗaura wa jaki mangala yana kai taki gonar ubansa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari da ambaliya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi magana kan yadda a ke tsabtace riɗi kafin a kai shi sikeli.